Shin tsohon man suya da sauran kayan tsiro suna hana kwalta tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ƙaramin injiniya ne, ina aiki da wani ɗan kwangilar hanyoyi. Akwai wani titi na cikin gari da aka shimfiɗa, bai cika shekara huɗu ba amma har ya yi fari, ya fara tsattsagewa, tsakuwa tana tashi. Na ji an ce a ƙasashen waje ana zuba tsohon man suya ko garin itace a cikin kwalta don kada ta tsufa da wuri. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wanne zai yi mana a wannan rana tamu, kuma nawa ake zubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai an zuba maka abubuwa biyu a ƙwarya ɗaya alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Man suya yana sassauta kwaltar da ta riga ta bushe. Garin itacen da ake magana, wanda sunansa lignin, shi ake sa ran zai rage saurin bushewar tun farko. Wanda ya kasa rabe waɗannan biyun zai iya zuba mai a sabuwar kwalta da sunan magani, watan Afrilu na zuwa tirela ta lotsa masa titin.

Bari mu fara da abin da ke tsufan. Kwaltar da ke kan titi, kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinta dutse ne, wato tsakuwa da yashi da garin dutse. Dutse ba ya tsufa a shekara huɗu. Abin da ke tsufa shi ne ɗan kashi 5 ɗin nan da ya rage, bitumin, baƙin danƙon da ke saura a gindin tukunyar matatar mai bayan an kwashe fetur da kananzir da dizal. Shi bitumin ɗin ka ɗauke shi kamar fura a cikin nono. Akwai ɓangare mai tauri da ake kira asfaltin, shi ne furar. Akwai ɓangare mai maiƙo da ake kira maltin, shi ne nonon da furar ke yawo a ciki. Muddin nonon ya wadata, bitumin yana lanƙwasawa a ƙarƙashin taya ya koma yadda yake. Tsufa kuwa ta hanya biyu take shigowa: wani sashe na nonon ya ƙafe ya bi iska, wani sashen kuma iskar oksijin ta kama shi ta mayar da shi fura. Wannan na biyun ya fi ɓarna, domin ba ya tsayawa har titin ya mutu.

A ɗakin gwaji muna ganin haka da allura. Bitumin ɗin da aka fi shigowa da shi Najeriya shi ne mai lamba 60/70, wani lokaci 80/100. Ma'anar lambar ita ce, idan aka ɗora allura mai nauyin giram 100 na daƙiƙa 5 a zafin digiri 25, za ta nutse milimita 6 zuwa 7. Ka ciro bitumin daga titin da ya yi fari irin naka ka sa masa allurar, za ka ga da ƙyar ta shiga milimita 2. Daga nan ne tsaga ke fara bayyana, ruwan damina ya samu ƙofa.

Abin da ƙananan injiniyoyi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babban kaso na tsufan yana faruwa ne kafin mota ko ɗaya ta hau titin. A injin kwaɓa kwalta, ana shafa bitumin sirara a jikin tsakuwa mai zafin digiri 150 zuwa 170, ga iska tana kaɗawa. A irin wannan zafi, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin kamun oksijin. Na taɓa tsayawa a wani wurin aiki aka kawo tifa tana fitar da shuɗin hayaƙi, na soka ma'auni na ga ya haura 190. Mai kula da injin ya ƙara wuta ne don tafiyar da nisa, kada kwaɓin ya huce a hanya. Wannan kwaltar ta tsufa tun tana cikin tifa, kuma babu wani ganye ko mai da zai hana wannan ɓarnar. Sauran tsufan sai ya biyo baya a hankali a kan titi, kuma mu nan rana ba ta raga mana: lokacin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, fuskar baƙar kwalta tana iya haura digiri 60 da tsakar rana.

To, yanzu ga mayukan tsiro. Man waken soya, man sunfulawa, tsohon man suya, da wani mai da ake samu daga itacen fain a masana'antar takarda, duk ana amfani da su, kuma kasuwanci ne na gaske. Kamfanin Cargill na Amurka yana sayar da nasa da sunan Anova, Kraton kuma yana da Sylvaroad wanda daga itacen fain aka samo shi. Amma ka duba inda ake zuba su. Galibi a cikin tsohuwar kwalta ne da aka kankare daga titi aka niƙa za a sake shimfiɗawa. Tsohon bitumin ɗin furarsa ta yi yawa, sai a ƙara masa nono. Ana zuba kaɗan ne, 'yan kaso ƙalilan cikin ɗari na nauyin bitumin ɗin, ba na nauyin kwaɓin gaba ɗaya ba, kuma gwaji ne ke faɗin adadin. A wannan aiki mai yana da amfani ƙwarai, domin yana ba ka damar sake cin moriyar tsohuwar kwalta mai yawa ba tare da sabon titin ya zama gautsi ba.

Matsalar tana zuwa ne idan aka ce man yana hana tsufa. Je ka duba kaskon mai ƙosai, ka ga baƙin danƙon nan da ya manne a gefensa wanda ko da toka da soso ba ya fita. Wannan man gyaɗa ne da zafi da iska suka dafa har ya sandare. Mayukan tsiro da yawa suna da gurabe a jikin ƙwayoyinsu da oksijin ke saurin kamawa, shi ya sa man da ya daɗe a ajiye yake maƙaƙi. Abin da ya faru a kasko zai iya faruwa a cikin titi. Sai ka ga bitumin da aka zuba wa mai ya yi laushi a ranar farko, allura ta nutse da kyau, kowa ya yi murna, amma bayan an gasa shi a gwajin tsufa ya koma kusan inda ya fito. Saboda haka ne masu sayar da na kirki ba sa zuba ɗanyen mai. Sukan sarrafa shi tukuna su toshe waɗannan guraben, kamar yadda ake yi wa man waken soya, wanda Jami'ar Jihar Iyowa ta Amurka ta daɗe tana aiki a kansa. Tsohon man suya kuma yana da tsami mai yawa saboda yawan soyawa, ga ruwa ga burbushin abinci, kuma na yau ba irin na gobe ba ne. Sai an tace shi an rage tsamin kafin ya yi abin kirki.

A ƙasa mai sanyi kamar Kanada, laushi alheri ne, domin abin da ke kashe musu titi tsagewar hunturu ce. Mu kuwa 60/70 ɗinmu yana fara sakin jiki tun wajen digiri 50. Ka ƙara masa mai, ka sake sauko da wannan lambar, sannan ka ɗora masa tirelar siminti da ta yi lodi fiye da ƙima. Kwarin da za ka gani a gurbin taya ya fi tsagar da kake gudu muni. Ni dai ban yarda a zuba man tsiro a sabon bitumin a yankinmu ba, sai in akwai tsohuwar kwalta a cikin kwaɓin.

Tun da zancen mai ya zo, bari in ja kunne a kan baƙin man inji, ko da yake shi ba na tsiro ba ne. Akwai masu zuba shi don yana da arha kuma yana sa allura ta nuna lamba mai kyau. A lardin Ontariyo na Kanada an danganta ragowar irin wannan mai da saurin tsagewar tituna. Ka guje shi.

Rukuni na biyu, wato kayan tsiro masu rage saurin tsufan tun farko, shi ne ya fi dacewa da tambayarka. Tsiro ma yana tsaye cikin rana da iska duk rayuwarsa, don haka Allah ya hore masa sinadaran kare kai, yawancinsu daga dangin da ake kira fenol. Kamun oksijin a cikin bitumin kamar gobarar daji yake, ƙwayar da ta kamu tana kunna ta kusa da ita. Fenol yana shiga tsakani ya karɓi wutar a jikinsa, sai zaren ya yanke. Babba a wannan dangi shi ne lignin, abin da ke ba itace tauri, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen itace. Masana'antar takarda tana cire shi don ta samu farin zare, kuma mafi yawansa ƙona shi ake yi a matsayin makamashi a cikin masana'antar. Idan aka busar da shi, gari ne ruwan ƙasa.

Mutanen Holan ne suka fi kowa nisa da shi. Masu bincike na jami'ar Wageningen tare da 'yan kwangilar ƙasar sun shimfiɗa titin gwaji na farko a 2015 a Sas van Gent da ke lardin Zeeland, inda lignin ya maye gurbin kusan rabin bitumin, daga baya aka yi wasu a wurare da dama, har da hanyar kekuna a harabar jami'ar. Amma ka lura, su babban burinsu rage dogaro da man fetur ne da rage hayaƙi, kuma ranarsu ba irin tamu ba ce. Inda ake neman rage tsufa kawai, adadin da aka fi gwadawa a ɗakunan bincike ƙarami ne, daga kashi 3 zuwa wajen 10 na nauyin bitumin. Sakamakon da aka fi samu shi ne bitumin mai lignin yakan fi tauri tun farko, amma taurin da yake ƙarawa bayan gashi bai kai na wanda ba a zuba wa komai ba. Taurin farkon nan a Turai abin damuwa ne, a wurinmu kuwa yana iya zama riba tunda lotsawa ce babbar cutarmu. Duk da haka in aka cika shi, bitumin yana rasa miƙewa, ya riƙa karyewa da wuri a ƙarƙashin yawan taka shi. Ga shi kuma ya fi bitumin nauyi kuma ba ya narkewa sosai a cikinsa, don haka in aka bar shi a tanki babu motsawa sai ya kwanta a ƙasa. Lignin ma iri-iri ne: na itace daban, na kara da tuƙar rake daban, kuma hanyar da aka bi aka cire shi tana sauya halinsa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa don yankinmu shi ne man ɓawon yazawa, wato kashu. Duk wanda ya taɓa gasa ƙwallon kashu ya san baƙin man nan mai ƙuna da ke sa fata ta saɓule. Cike yake da fenol, kuma ba kamar lignin ba, yana da doguwar jela mai maiƙo da ke sa ya gauraya da bitumin salin alin. Masu bincike a jihar Ceará ta Burazil, inda ake noman kashu sosai, sun gwada shi a bitumin sun ga yana rage tsufa kuma yana sauƙaƙa kwaɓi. Mu kuma kashu yana nan a Kogi da Ogbomosho da Inugu, yana nan a yankin Bono na Gana, Kwaddibuwa kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Ba a cin man, don haka ba ya gasa da tukunyar kowa. Sai dai shi ma mai ne, yana sassauta bitumin, don haka kaɗan ake sawa, kuma ya fi dacewa a haɗa shi da bitumin mai tauri ko mai roba.

A Chile an gwada dusar inabi da ta rage bayan an matse ruwan, wasu sun gwada bitamin E, wasu gawayin ƙaiƙayin shinkafa. Duk suna nuna wani abu a ɗakin gwaji. Ɗalibai sukan tambaye ni bagaruwa, tunda majema na Kano sun daɗe suna jima da ita saboda sinadarin tanin da ke cikinta, shi ma ɗan dangin fenol ne. Tunanin yana da kyau, amma tanin ruwa yake so, ba mai ba. Abin da ke narkewa a ruwa in ka sa shi tsakanin bitumin da tsakuwa, kana iya buɗe wa damina hanyar ɓare kwaltar daga jikin dutse. Aikin digiri ne mai kyau, amma ba zan sa hannu a shimfiɗa shi a titin jama'a ba tukuna.

Akwai kuma wani kayan tsiro da ba a cika ambata ba a wannan zance, alhali shi ne ya fi daɗewa yana aiki a tituna na gaske: zaren itace ko na tsohuwar takarda. Jamusawa sun ƙirƙiro wani irin kwaɓi a shekarun 1960 mai yawan manyan tsakuwa da bitumin mai yawa, kashi 6 zuwa 7, wanda ake kira SMA. Bitumin mai yawa haka zai tsiyaye daga jikin dutse a cikin tifa, sai ake zuba zaren kusan kashi 0.3 na nauyin kwaɓin don ya riƙe shi. Zaren ba ya faɗa da oksijin ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ba ka damar lulluɓe kowace tsakuwa da bitumin mai kauri, kuma mai kauri ya fi sirara daɗewa kafin iska ta ratsa shi. Yana da tsada, yana kuma buƙatar dutse mai ƙarfi da injin da aka saita da kyau, amma ba gwaji ba ne, an shekara fiye da hamsin ana hawa.

Da ka tambayi nawa ake zubawa, amsar tana ɗakin gwaji, kuma ga yadda za ka gane mai gaskiya da mai talla. Ka ɗauki bitumin ɗinku ka raba, wani babu komai, sauran da adadi daban-daban na abin da kake son gwadawa. Ka auna su duka da allura da kuma zafin da suke sakin jiki. Sannan ka gasa su a tanda mai juya kwalabe da ake kira RTFO, digiri 163 na minti 85, wannan shi ne kwaikwayon abin da ke faruwa a injin kwaɓi. In akwai hali, ka bi da tukunyar matsi da ake kira PAV, wadda ta fito daga binciken tituna da Amurka ta yi tsakanin 1987 da 1993: awa 20 cikin matsin iska kusan ninki goma na tayar ƙaramar mota, a digiri 100, ko 110 don ƙasashen hamada, wanda ya fi kama da namu. Masu gwada mayukan tsiro da yawa yanzu suna ninka lokacin zuwa awa 40, domin a zagaye na biyu ne asirin mai rauni ke tonuwa. Abin da za ka duba ba wanne ya fi laushi a ƙarshe ba ne. Ka lissafa sau nawa taurin bayan gashi ya ninka taurin kafin gashi a kowane samfuri. Wanda ya ninka sau uku ya fi wanda ya ninka sau biyar jure tsufa, ko da shi ne ya fi tauri a hannu. Sannan kada ka tsallake gwajin ruwa. Mafi sauƙinsa, ka tafasa tsakuwar da aka lulluɓe da bitumin ɗin na minti 10 ka ga ko zai ɓare. Na lignin kuma ka zuba a bututu ka ajiye a tsaye cikin tanda kwana biyu, ka yanka, ka gwada sama da ƙasa ka ga ko sun rabu.

Batun kuɗi ma ka sa shi a lissafi. Ɗanyen man Najeriya mara nauyi ne, ba ya ba da bitumin sosai, shi ya sa sashen bitumin na matatar Kaduna aka tsara shi da ɗanyen mai mai nauyi na waje, kuma duk da tarin bitumin da ke kwance a ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo, yawancin wanda muke shimfiɗawa shigo da shi ake yi da dala. Wannan ya sa duk abin da zai ba mu damar sake amfani da tsohuwar kwalta yake da daraja. Amma ba mu da babbar masana'antar da ke fitar da lignin na sayarwa, in kana so sai ka shigo da shi. Tsohon man suya kuma, a nan wa yake zubar da shi? Mai ƙosai ƙara sabo take yi a kan tsohon har ya ƙare. Man gyaɗa da manja kuwa tsadarsu ta fi ƙarfin titi. In za a yi wani abu na gida, sai dai a dubi waɗanda ba a ci, irin su man ɓawon kashu da na bini-da-zugu da na zurma, da tuƙar rake ta masana'antun sukari irin na Numan. Kuma kafin duk waɗannan, farar ƙasa da aka kashe da ruwa, kashi 1 zuwa 2 na nauyin dutse, an daɗe da sanin tana rage taurarewar bitumin tana kuma ƙara masa riƙon tsakuwa. Ba tsiro ba ce, amma tana kusa kuma an san halinta.

Shi kuma titin naka, fari da tashin tsakuwa a ƙasa da shekara huɗu ya fi kama da ɗayan abu uku: an ƙona kwaɓin a inji, ko an yi rowar bitumin, ko rola ba ta danne shi yana da zafi ba. Ka sa a huda a ciro samfuri daga wurare da dama, a auna yawan ramukan iska da adadin bitumin. Ana tsara kwaɓi ya zauna da iska kashi 3 zuwa 5, sabon shimfiɗa kuma bai kamata ya haura 7 ko 8 ba. Da zarar ya wuce haka ramukan suna haɗewa da juna, iska da ruwa su riƙa zirga-zirga har ƙasan shimfiɗar, tsufan da ya kamata ya tsaya a fuska ya ratsa ko'ina. In tsagar ba ta yi zurfi ba kuma ƙasan titin bai motsa ba, a cike tsagogin a yi masa feshin bitumin da ƙananan tsakuwa kafin ruwan farko ya sauka. In kuwa ta riga ta zama irin ta fatar kada, sai kankarewa, kuma a nan ne man tsiron zai yi maka rana: ku tara abin da aka kankare a wuri mai tsabta kada ya gauraya da jar ƙasa, a ciro bitumin ɗinsa a auna, sannan a nemi adadin man da zai dawo da shi kusa da 60/70 ba tare da ya wuce ba. Ku fara da ɗan yanki na mita ɗari biyu ko uku kusa da wanda aka yi da kwaɓin da kuka saba, ku rubuta zafin kowace tifa, ku bar su su sha bazara biyu da damina biyu tare.